Launi ya fito a waya, ya mutu a takarda: ko tsofaffin mujallu za su taimaka?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Idi-Araba ce a nan Legas. Ina zana katin gayyatar biki da sitikar da ake mannawa a kwalaben humra da turaren wuta da robar yaji. Da Canva da CorelDRAW nake aikin. Abu biyu ke damuna. Na farko, in na gama zane launin sai ya yi ta ɗaukar ido a allo, amma in na karɓo aikin daga maɗaba'a a Shomolu sai in tarar ya dushe, shuɗi ya koma shunayya, ruwan gwal ya koma ruwan ƙasa. Na biyu, kwastomomi sun fara cewa ayyukana duk kama ɗaya suke. Wani dattijo da ke aiki a maɗaba'a ya ce in rage kallon Pinterest da Instagram, in je in sayi tsofaffin mujallu in riƙa nazarin launinsu. Gaskiya ne, ko dai zancen mutanen da ne kawai?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa sana'a albarka. Dattijon nan ya san abin da yake faɗa, ki riƙe shawararsa. Sai dai a dunƙule ya ba ki ita. In kika kwaso mujallu kika zauna kina buɗawa kina cewa "kai, wannan ya yi kyau", ba abin da zai canza a aikinki. Bari mu fara da dushewar launin, don daga nan ne za ki ga abin da mujalla take da shi wanda Pinterest ba shi da shi.

Allon wayarki haske yake fitarwa. Kowane ɗigo a jikinsa 'yan fitilu uku ne, ja da kore da shuɗi, shi ne tsarin RGB. Kowace fitila tana da mataki daga 0 zuwa 255, in aka haɗa lissafin ana samun launi sama da miliyan 16. Takarda kuwa ba ta da hasken kanta. Hasken rana ko na ɗaki ne ke sauka a kanta, tawada ta shanye wani sashe, ragowar ya dawo idonki. Tawadar kuma huɗu ce kacal: sayan, wato shuɗi mai haske irin ruwan omo, sai majenta, ja mai ɗaukar ruwan hoda, sai rawaya, sai baƙi. CMYK ke nan. A allo duk launin da kika ƙara, haske kika ƙara. A takarda duk tawadar da kika ƙara, haske kika rage. Saboda haka akwai launukan da tawada huɗun nan ba za su taɓa fitarwa ba, ko a Shomolu ko a Jamus inda ake ƙera injinan: koren nan mai walƙiya, shuɗin wutar gas, ruwan hoda mai ƙuna, ruwan goro mai ƙyalli. In kika tura fayil a RGB, kwamfutar maɗaba'a za ta juya shi da kanta, ta zaɓa miki abin da ya fi kusa ba tare da ta shawarce ki ba. Sau da yawa mai injin da ake ta zagi a hanyar komawa gida ba shi da laifi ko kaɗan.

To, duk launin da ke shafin mujalla ya riga ya sha wannan wahalar ya fito da ransa. An juya shi, an raba shi gida huɗu, an yi masa faranti, wato fallen ƙarfen da inji ke buga kowace tawada da shi, tawada ta hau takarda ta bushe. Abin da idonki ya gani a nan abu ne mai yiwuwa. Na Pinterest kuwa alkawari ne kawai, wani ya cika, wani ba zai cika ba.

Ki nemi ɗan gilashin ƙara girman abu irin na masu gyaran agogo, ki ɗora a kan kumatun mutum a hoton mujalla. Fatar da kike gani sumul za ta watse ta zama ɗigo-ɗigo, ja-ja, rawaya-rawaya, shuɗi nan da can, baƙi tsilli-tsilli, suna zagaye juna cikin 'yan ƙananan da'irori. Kowace tawada da kusurwar da ake jera ɗigonta don kada su hau kan juna su yi zane-zane: baƙi a digiri 45, majenta 75, sayan 15, rawaya 0. Mujalla mai takarda mai sheƙi tana jera ɗigon nan wajen layi 150 zuwa 175 a inci guda, jarida kuwa wajen 85 zuwa 100, shi ya sa ake iya ganin ɗigon hoton jarida ko ba gilashi. Ranar da kika ga wannan da idonki za ki daina tunanin ruwan ƙasa ko ruwan hanta a matsayin launi guda da ake latsawa a allo, ki fara tambayar kanki majenta nawa, rawaya nawa, baƙi nawa.

Maganar cewa ayyukanki duk kama ɗaya suke, ita ce ta fi buƙatar mujallar. Ban ga zanenki ba, amma na ga na masu koyo da yawa, kuma ciwon kusan guda ne. Manhajoji irin su Coolors da Adobe Color suna nuna haɗin launi a matsayin akwati biyar masu girma ɗaya, mai zane ya ɗauka ya raba musu fili daidai wa daida, kowa ya yi ta ihu a shafin, ba wanda ake ji. Ki buɗe shafin talla mai kyau a mujalla ki auna da ido. Launi ɗaya ya cinye fiye da rabin filin, kuma galibi shi ne mafi sanyi a cikinsu. Na biyu ya ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya fi kama miki ido, wanda za ki rantse shi ne launin shafin, sai ki tarar ɗan kaɗan ne, layi guda ko kalma biyu ko murfin kwalba. Masu adon ɗaki suna kiran wannan rabon 60, 30, 10. Ba aya ba ce, amma ta isa a fara da ita. Telan da ya iya babbar riga ya san wannan tun da daɗewa: shadda ita ce jiki, zaren aiki yana wuya da aljihu, hula kuma ta ɗauko ɗan launin zaren. Da zai raba rigar gida uku daidai tsakanin launuka uku, ba dattijon da zai sa ta zuwa Juma'a. Don haka in kin yanko launi daga mujalla, ki yanko shi da girmansa: babba, matsakaici, ɗan tsito, ki manna su a littafi a haka.

Ki lura kuma da yadda manyan mujallu ke riƙe launi guda ba sa saki. National Geographic tana da rawayen da ya zagaye bangonta tun 1910, Time tana da jan layinta tun 1927. Siriri ne a gefen takarda, amma daga nesa an san ko wace ce. Hajiyar da ke sayar da humra a Agege ita ma abin da take buƙata ke nan, launi ɗaya da za a san kwalbarta da shi a kan teburin mai sayarwa. In kowace kwastoma kika ware mata nata, kika rubuta lambarsa a littafi kika tsaya a kai, ƙorafin kama ɗaya zai ragu da kansa. Yanzu ina kyautata zaton kowa baƙi da ruwan gwal kike yi masa, don shi ake yayi.

Sai farin fili. Mujalla mai tsada ba ta jin tsoron barin rabin shafi ba komai. Mutanenmu kuwa, in ka bar fili a kati, uwar amarya sai ta ce ai kuɗin takardar duka ta biya, a ƙara fure. Wannan rigimar ba ta ƙarewa, amma in kina da shafi a hannu da za ki nuna mata, gardamar tana yin sauƙi.

Abin da ya fi wuyar koyo shi ne launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa yana canza shi. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Michel Chevreul, shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. Ana ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fita baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne, irin su shuɗi, ke sa ido ya ga baƙin ya sauya. A 1839 ya wallafa bayanin, kuma har yau a kansa ake koyarwa. Josef Albers, Bajamushen da ya koyar a makarantar Bauhaus kafin ya koma Amurka a 1933, ɗalibansa da yankakkun takardu masu launi yake sa su aiki maimakon fenti, har da na mujallu, don takarda guda ana iya raba ta biyu a tabbata launin ɗaya ne. Ki gwada da kanki. Ki sami ruwan toka a wani shafi, ki yanka gida biyu, ki ɗora ɗaya a kan rawaya, ɗaya a kan shunayya. In kika nuna wa ƙanwarki za ta ce kala biyu ce. Ki duba danfo ma, motar hayar nan ta Legas: rawaya da baƙin layi, daga saman gadar Oshodi ana hango ta. Wannan rawayen dai, ki yi rubutu da shi a kan farar takarda, ko a hannu aka riƙe ba a karantawa.

Wace mujalla za ki saya? Ni na fi son ki fara da na gida. Ovation, wadda Dele Momodu ya kafa a 1996, cike take da hotunan bukukuwa: leshi, ashoke, goggoro, shadda, a jikin baƙar fata, a ƙarƙashin irin hasken da muke da shi. Shafukanta a cunkushe suke da hotuna, don haka launi za ki koya a nan, ba tsarin fili ba. Genevieve ta Betty Irabor, wadda ta fara fita a 2003, ta fi nutsuwa wajen tsara shafi. In kin dace da tsofaffin kofen mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, ki riƙe, don ita idon Bahaushe aka yi wa ita, irin idon kwastomominki. Na waje irin su Vogue suna da kyau wajen koyon barin fili da zaɓen haruffa, amma ki yi hattara da launukansu masu sanyi-sanyi. Da yawa an tsara su ne a kewayen farar fata, in kika ɗora hoton amaryarmu a kai wani ya karɓe ta, wani ya sa fuskarta ta yi toka-toka. Kada kuma ki raina tsofaffin mujallun labarai irin su Newswatch da ta fara fita a 1985 da Tell da ta fara a 1991. Yawancin shafukansu na ciki ba su da launi da yawa, kuma a nan ake koyon yin abu mai kyau da baƙi da launi ɗaya. Wannan kuɗi ne kai tsaye: a tsohon injin Kord na kamfanin Heidelberg da ya cika Shomolu da Mushin, launi ɗaya ake bugawa a lokaci guda, kowane launi da farantinsa da zagayensa. Aikin launi biyu faranti biyu ne, ba huɗu ba.

Samunsu ba wuya. Masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Ojuelegba da Yaba da wajen CMS ba sa rasawa, kuma tunda yankawa za ki yi, wadda bangonta ya yage ma ta wadatar. Shagunan teloli da masu gyaran gashi su ma sukan tara. Launi da rabonsa za ki ɗauka, wannan ba mallakin kowa ba ne. Hoto da tambarin kamfani kuwa suna da masu su, kada ki kwafa ki sa a aikin kwastoma.

Akwai tarko a mujallar ma. Wadda ta daɗe a rana ta riga ta ci amanar launinta, don rawaya da majenta sun fi saurin koɗewa, sayan da baƙi su rage. Dalilin ke nan da fastocin 'yan siyasa ke komawa shuɗi-shuɗi bayan zaɓe. Ki ɗauki launi daga shafukan tsakiya, ba bango ba. Bangon ma wani lokaci an ƙara masa tawada ta biyar ta musamman, wadda huɗun nan ba za su kamo ta ba. Takarda mai arha kuma tana jirkicewa ta yi ruwan ƙwai da tsufa, damshin Legas yana taya ta. Babban tarkon dai shi ne ɗaukar shafin hoto da waya a tsotso launin daga hoton. Kyamarar waya tana gyara haske da launi yadda ta ga dama, kin koma RGB ke nan, kin dawo inda kika fito.

Yaya za a yi ɗan yankin takarda ya zama lambar da inji zai gane? Hanyar manya ita ce kundin Pantone, tsarin da Lawrence Herbert ya fito da shi a Amurka a 1963, inda kowane launi ke da lamba, kuma an buga shi iri biyu, C na takarda mai sheƙi, U na marar sheƙi, don tawada ɗaya fuska biyu take yi a kansu. Kundin da dala ake sayensa, kuma ga mai aikin sitika da kati ban ga dalilin wannan kashe kuɗin ba tukuna. Ki yi naki. Ki buɗe CorelDRAW a tsarin CMYK, ki ɗauki takarda A3, ki cika ta da ƙananan akwatuna, kowanne ki rubuta lambobinsa huɗu a ƙasa. Jeri ɗaya na ja: majenta 100 da rawaya 100, sannan ki riƙa ƙara baƙi goma-goma har ya kai ruwan hanta. Jeri ɗaya na ruwan goro, daga majenta 50 da rawaya 100, kina ɗagawa kina saukewa. Haka kore, haka shuɗi, haka ruwan madara da ruwan toka. Ki kai maɗaba'ar da kika saba, a buga a injin da ake miki aiki, a kan takardar da ake miki aiki, kofe ɗaya a sitika, ɗaya a kati mai giram 300. Ki sa a yi wa ɗaya laminashin, don mai sheƙi yana zurfafa launi, marar sheƙi yana kwantar da shi. Daga nan duk abin da kika yanko a mujalla, ki kara shi da wannan takardar ki nemi wanda ya fi kusa, ki karanta lambar. A bakin taga da rana za ki yi wannan, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Manyan maɗaba'u fitila ta musamman suke amfani da ita mai kwaikwayon hasken rana, mu hasken rana a inuwa ya ishe mu. In kin canza maɗaba'a, ko aka koma da ke daga injin faranti zuwa na DI da ake buga aiki kaɗan da shi, sai ki sake bugawa, don kowane inji da halinsa. Ki adana ta a ambulan, kada rana ta gan ta.

Shuɗinki da ke komawa shunayya, majenta ce ta yi yawa. In aka juya shuɗin allo, majentar takan tashi ta kusa kamo sayan. Ki riƙe ta ƙasa da sayan da aƙalla 30: sayan 100, majenta 60 ko 70. Ƙananan rubutu kuma, irin lambar waya da adireshin wurin biki, ki yi su da baƙi 100 shi kaɗai. Baƙin da aka juyo daga RGB yana ɗauke da tawada huɗun duka, in faranti ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai haruffan su yi inuwa ja da shuɗi a gefe. Babban fili baƙi shi ne ke son taimako, kamar sayan 60, majenta 40, rawaya 40, baƙi 100, don ya yi baƙi wuluk. Amma jimillar lambobin huɗu kada ta wuce 300 a takarda mai sheƙi, a marar sheƙi ma ƙasa da haka, in ba haka ba tawada ta ƙi bushewa, bayan wannan kati ya ɓata gaban wancan. Hotuna su kai ɗigo 300 a inci, wato ba wanda aka turo ta WhatsApp aka matse ba. In da Canva kika yi, ki fitar da fayil ɗin a PDF na bugawa, mai biyan kuɗi yana ba da damar zaɓen CMYK.

Ruwan gwal kuwa, ki haƙura, tawada huɗu ba ta yin sa. Abin da ke sa gwal ya zama gwal ƙyalli ne, ba launi ba. A allo ana yaudarar ido da haske da inuwa, a takarda abin da ke saura ruwan ƙasa ne mai ɗaukar rawaya. In kin ga gwal na gaske yana walƙiya a bangon mujalla ko katin biki, foyil ne, wato siririn falle mai ƙyalli, aka danna da zafi, ko tawada mai garin ƙarfe. Masu foyil suna nan a Shomolu, aiki ne daban da kuɗinsa daban, kuma sai an yi masa hatimin ƙarfe na zanen. Ki faɗa wa kwastoma haka tun kafin a yi ciniki: in tana son ƙyalli ga farashinsa, in ba ta iya ba ga ruwan zuma ko ruwan madara mai kyau, wanda ya fi gwal na ƙarya mutunci.

Katin biki yawanci da anko ake so ya tafi. Kada ki yarda da hoton atamfa ko leshin da aka turo miki a waya, kada kuma ki yarda da baki, don in Hajiya ta ce ruwan hanta, ke da ita da mai inji kowa da hantar da yake gani. Ki ce a aiko miki da ƙyalle, ko ɗan abin da tela ya rage ne, ki kara shi da takardar launukanki a gabanta, ta nuna akwatin da ta yarda da shi da yatsa. Sannan a buga kofe ɗaya ta gani kafin a saki inji a kan ɗari biyar, kuma ƙyallen ki tafi da shi Shomolu ki ajiye wa mai injin a gefe lokacin da yake daidaita tawada.